Lamba Mai Alƙaluma Miliyan 41 da Batun Tsaron Asusun Banki

A watan Oktoba na 2024 ne shirin GIMPS, wanda George Woltman ya kafa a 1996 domin 'yan sa-kai su haɗa ƙarfin kwamfutocinsu, ya sanar cewa Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin Nvidia a Amurka, ya gano lamba gagara-rabo mai alƙaluma 41,024,320. Gagara-rabo ita ce lambar da ba ta rabuwa daidai babu saura sai da 1 ko da ita kanta, kamar 7 da 13. Masu cewa babu wadda ta fi ta girma sun yi kuskure, domin tun kimanin shekara 300 kafin Miladiyya Bagirke Yukilid ya kafa hujjar cewa irin waɗannan lambobi ba su da iyaka. Lambar Durant ita ce dai mafi girma da aka sani a lokacin da aka gano ta.

Ana samun ta ne idan aka jera 2 sau 136,279,841, aka ninka su da juna, sannan aka ɗebe 1, kuma wannan siffa ce ta sa ta cikin dangin Mersenne, sunan wani malamin coci Bafaranshe da ya rasu a 1648. Sharaɗin dangin shi ne adadin biyun da aka jera ya kasance gagara-rabo, amma hakan kaɗai bai isa ba, tunda 11 ta cika sharaɗin, sai dai 2047 da take haifarwa 23 ce sau 89. Ta Durant ita ce ta 52 da aka sani, kuma dangin sun mamaye sahun gaba na manyan gagara-rabo da aka sani ne saboda gwajin Lucas da Lehmer, wanda ya fi sauran hanyoyin tantancewa sauri nesa ba kusa ba.

Abin takaici shi ne yadda ake yaɗa cewa irin wannan lamba za ta ƙara wa asusun banki tsaro, ba tare da an tsaya an tambayi yadda makullin yake aiki ba. Tsarin kulle bayanai na RSA, wanda aka wallafa a 1977, yana ninka gagara-rabo biyu na sirri, kowace mai alƙaluma wajen 300 a makullan da aka saba amfani da su, ya bayyana sakamakon, ya ɓoye iyayen. Ƙarfinsa yana cikin wahalar gano waɗannan iyaye daga tarin lambobin da ba su ƙirguwa. Lambar Mersenne kuwa duniya ta san ta, don haka yin makulli da ita tamkar kulle shago ne a rataye mabuɗin a ƙofar kasuwa, ko binne kuɗi a gindin bishiyar da ita kaɗai ce a fili. Ɓarawon da aka miƙa wa mabuɗai 52 ba zai kai la'asar yana gwadawa ba. Ga kuma nauyi, domin babu wayar hannun da za ta ɗauki lissafi da alƙaluma miliyan 41 a kan kowace tura kuɗi.

Darajar wannan lamba ta lissafi ce tsantsa: kowace gagara-rabo ta Mersenne tana haifar da cikakkiyar lamba, wato wadda jimillar masu raba ta, ban da ita kanta, take daidai da ita, kamar 6 da 28.