Baucin Yakubu: Birnin Da Ya Tashi Daga Tirwun

Baƙon da ya sauka a Bauci ya tambayi inda zai ga tarihin gari, lalle wurare biyu za a fara nuna masa, watau fadar Sarki da kabarin marigayi Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa. In yana da sauran kwanaki, sai a ce ya tafi Yankari ya ga giwaye, ya yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Ba safai akan tuna a ce masa ya leƙa Tirwun ba, alhali kuwa daga wannan ɗan gari da ke gefen birni ne mutumin da ya kafa Bauci ya fito. Ɗaya daga cikin ƙofofin ganuwa ma sunanta ke nan, Ƙofar Tirwun. A da sai mutum ya fita ta ƙofar ya ratsa gonaki kafin ya isa can. Yau gine-gine sun kusa haɗe tsakani, har samarin zamani suna ɗaukar Tirwun wata unguwa ce kurum daga cikin unguwannin Bauci.

Tirwun garin Gerawa ne, kuma a nan aka haifi Yakubu ɗan Dadi wajen tsakiyar ƙarni na 18. Masu ba da tarihi sun ce mahaifinsa yana da wani amini, malami Bafillace mai suna Malam Isiyaku, shi ne ya ba shi yaron domin ya koya masa karatu. Da Malam Isiyaku ya ƙudurta tafiya ƙasar Gobir wurin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, sai ya tafi da almajirinsa. Yakubu ya yi shekaru a Ɗegel yana karatu yana hidima, har Shehu ya san shi, ya yarda da halinsa. To, da aka tashi jihadi a 1804 aka shiga raba tutoci, sai Shehu ya miƙa wa Yakubu tutar wannan yanki. Abin lura a nan shi ne, a cikin manyan masu tuta, daga Katsina har zuwa Adamawa, shi kaɗai ne ba Bafillace ba. An ce waɗansu shugabannin Filani na yankin ba su so ba, gama suna ganin su suka fi cancanta. Amma Shehu bai sake shawara ba, kuma abin da ya biyo baya ya nuna ya san wanda ya zaɓa.

Yakubu bai koma ya zauna a Tirwun ba. Ya fara yin sansani a Inkil, sa'an nan a shekarar 1809 ya aza harsashin sabon birni a wani fili da duwatsu suka kewaye, kusa da Dutsen Warinje. Labarin da kowane yaro a garin ya sani shi ne, ya tarar da wani maharbi mai suna Baushe a wurin, shi ya nuna masa inda ya dace, saboda haka aka sa wa gari sunansa. Masana tarihi kuwa suna ƙarawa da cewa tun kafin jihadi Hausawa na kiran ƙasashen duwatsu da ke kudu da su da sunan ƙasashen Bauci, kuma sunan ba na yabo ba ne a wancan zamani, domin can ake zuwa neman bayi. Ko wanne daga cikin biyun mutum ya ɗauka, abin da ya tabbata shi ne Yakubu ya kewaye garin da ganuwa mai tsawon mil shida da rabi, da ƙofofi irin su Ƙofar Ran da Wunti da Wambai da Jahun da Nasarawa da Inkil da Wase da Tirwun. Sunayen ƙofofin kansu darasi ne, don da yawansu suna gaya wa mutum garin da hanya ta nufa.

Jarumtakar Yakubu ba sai an tsaya dogon bayani ba. Wajen 1827, lokacin da Shehu Laminu na Barno ya taso da runduna mai yawa ya nufi Kano, Yakubu ne ya tare shi ya mai da shi baya. A 1836 kuma yana tare da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a yaƙin Gawakuke, inda aka karya Gobirawa da mataimakansu. Ikonsa ya kai har Wase, wadda Madakinsa Hasan ya kafa, da Lafiya can kudu. Amma abin da ya fi bayyana halin mutumin shi ne saɓaninsa da Buba Yero na Gwambe a kan kama mutanen da suka riga suka yi amana. Yakubu ɗan ƙasa ne, ya san waɗannan ƙabilu na duwatsu, waɗansunsu ma danginsa ne, don haka ya fi son a karɓi jizya a bar su a garuruwansu. Ba a ce ba a yi bauta a ƙasar Bauci ba; an yi, kuma ta yi yawa, musamman bayan rasuwarsa a 1845. Sai dai birnin da ya bari tun farko na tarkace ne: Gerawa da Filani da Hausawa da Barebari da Jarawa, kowa da unguwarsa, kasuwa ɗaya, masallacin Juma'a ɗaya.

Sunansa ya rufe garin har Turawan da suka zo yawon buɗe ido, kamar Vogel a 1855 da Rohlfs a 1867, dukansu Jamusawa, suka rubuta shi a taswirarsu da sunan Yakoba. Har gobe kuwa in aka ce Baucin Yakubu, ba mai tambaya wane Yakubu.

Bayansa garin ya ga wuya. Ɗansa Ibrahim ya sha fama da Ningawa, har ya ƙaura da fada zuwa Rauta. A farkon shekarun 1880 aka yi basasa tsakanin Sarki Usmanu da baffansa Halilu, aka kira mutanen Misau taimako, gari ya ci wuta, jama'a da yawa suka watse. Da Turawan Ingila suka iso a watan Fabrairu na 1902 ba a yi wani yaƙi ba, suka tuɓe Sarki Umaru suka naɗa wani daga cikin zuriyar. Gidan Yakubu ne ke riƙe da sarauta har yanzu. Sarki Rilwanu Sulaimanu Adamu ya gaji mahaifinsa a 2010.

Zamanin Turawa ya bar Bauci a gefe, kuma akwai wani abin dariya a cikin al'amarin. Da aka shiga haƙar kuza a tudun Jos, wanda a lokacin ke cikin Lardin Bauci, sai aka shimfiɗa wata 'yar siririyar hanyar jirgi daga Zariya aka sa mata sunan Bauci. Ta isa Jos a 1914, aka yi ta aiki da ita har aka rufe ta a 1957, ba ta taɓa zuwa ko kusa da birnin da take amsa sunansa ba. Sai a 1961 jirgin ƙasa ya shigo Bauci, a kan hanyar da ta kai Maiduguri a 1964. Yau kuma an daɗe ba a ji kukansa a tashar ba.

To amma garin da kuɗin kuza ya tsallake, sai ya zama matattarar masu tunani. A farkon shekarun 1940 mutum uku suka haɗu a nan: Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin Midil wanda ya riga ya rubuta littafin Shaihu Umar, da Malam Aminu Kano da aka turo koyarwa a wannan makaranta, da Malam Sa'adu Zungur, ɗan gari, malamin addini, mawaƙi, wanda ba ya tauna magana. A 1943 aka kafa wani zauren tattaunawa inda ma'aikatan En'e da malaman makaranta ke zama da jami'an Turawa ana muhawara. Tambayoyin da aka riƙa yi a kan yadda ake mulkin talakawa suka yi zafi har hukuma ta gaji ta rufe zauren, su kuwa suka kafa ƙungiyarsu. Duk wanda ya bi sawun siyasar Arewa, ta masu sassauci da ta masu tsauri, zai tarar da ƙafafunta biyu sun taka ƙasar Bauci. Sa'adu ya rasu a 1958 bai ga mulkin kai ba. Abubakar ya zama Firayim Minista a 1957, aka kashe shi a juyin mulkin Janairu na 1966, aka kawo gawarsa gida. Ginin da aka yi a kan kabarinsa, mutum kan bi ta wani dogon lungu mai duhu kafin ya fito fili mai haske inda kabarin yake, ba rufi, ba ado.

A ran 3 ga Fabrairu, 1976, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta ƙirƙiro Jihar Bauci, birnin ya zama hedkwata. Daga nan ne gari ya fashe ya tsallake ganuwa. Aka kafa jami'ar fasaha a 1980, wadda aka sa wa sunan Tafawa Ɓalewa a 1988, aka buɗe kamfanin Steyr mai haɗa manyan motoci da taraktoci, wanda ya yi tashe na ɗan lokaci sa'an nan ya yi sanyi. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Bauci mutum kusan rabin miliyan. Duk da haka garin bai yar da halinsa na natsuwa ba. Ba shi da hayaniyar Kano, kuma mutanensa ba su damu da a ce suna da ita ba. Abin da ba su yarda a yi musu gardama a kai ba shi ne masa. Ƙullun shinkafa ne a bar shi ya kwana ya tashi, a soya a tanda, a ci da miyar taushe ko da yaji, kuma matafiyi daga Jos zuwa Gwambe ko Maiduguri da ya wuce bai tsaya wajen Wunti ya yi guzuri ba, sai ya sha tambaya a gida.

Hausar garin ma da alamarta. Mutumin Kano kan yi murmushi in ya ji Babaushe ya ce rigan Audu maimakon rigar Audu, ko ya ce ya wanke mota wa Audu. Masana harshe suna kiran wannan karin Bausanci, kuma yana tuna wa mai sauraro cewa kakannin masu yinsa da yawa da waɗansu harsuna suka tashi.

A nan ne maganar ta komo Tirwun. Geranci, harshen gidan su Yakubu, ɗan'uwan Bolanci ne da Karekare, dangin Hausa ne na nesa. Birnin da ɗan Gerawa ya kafa da Hausa ya yi kasuwa, da ita ya yi shari'a da wa'azi, kuma ita ce ta bi hanyoyin da suka fita ta ƙofofin nan ta shiga ƙauyuka. Yau a garuruwan Gerawa na ƙasar Bauci da Ganjuwa, dattawa ne galibi ke jin harshen sosai. 'Ya'yansu suna ji amma da Hausa suke amsawa, jikoki kuwa da yawansu gaisuwa kaɗai suka iya. Haka al'amarin yake ga ƙananan harsuna da dama da ke kewaye da birnin, irin su Zulanci da harshen mutanen Geji. Ba wanda ya kafa doka ya hana su. Makaranta da kasuwa da auratayya da rediyo ne suka yi aikinsu a hankali. Ganuwar ma haka ta tafi, ruwan sama ya ci wani sashi, masu gini suka kwashe ƙasar wani, sai ƙofofi da aka sake ginawa da siminti suna tsaye a tsakiyar titi.

Ganuwa dai in hukuma ta so tana iya tayar da wani yanki nata a shekara ɗaya. Harshe kuwa sai da bakin mai shi, kuma dattawan Tirwun da za su iya zama su faɗi sunayen duwatsu da rafuka da kakannin Dadi da Geranci, a ɗauka a rubuta, suna raguwa kowace damina.