Ɗaliban da ke zuwa Makka: ina suke yini ranar hutu?

Duk shekara samari daga Najeriya, Nijar da Ghana suna zuwa karatu Jami'ar Ummul Ƙura, wasu kuma koyon aiki na ɗan lokaci. Da yawansu ba su da kowa a garin nan. Tun 2013 hutun mako a Saudiyya Juma'a da Asabar ne, kuma a kwanakin nan kewar gida ta fi damun baƙo. Wanda ba shi da gidan zuwa, ko ya yini kan waya, ko ya faɗa hannun masu ja masa aikin da iƙamarsa ba ta halatta ba, abin da kan jawo tara ko kora.

Wuraren shan iska akwai su: Ɗa'ifa mai sanyi lokacin zafi, bakin teku a Jidda, da jirgin ƙasan Haramaini da ke kai mutum Madina tun 2018. Amma duk sai da kuɗi. Mu a Nakkasa abin da muke da shi tuwo ne da shayi da hira. Iyaye da dattawa, kowane gida ya gayyaci yaro ɗaya bayan sallar Juma'a, a haɗa shi da sa'anninsa masu buga ƙwallo da yamma. Ɗa na kowa ne.