Banifandu: Addu'ar da Wuta ba ta Cinye ba

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa tsayawa yana kallon rumfarsa tana ci da wuta ya san irin ɗacin da ake ji a ranar. Dattawanmu a Yamai har yanzu suna ba da labarin gobarar Babbar Kasuwa ta 1982, wadda sai a 1987 aka buɗe sabuwarta. To, irin wannan ɗaci ne maƙwabtanmu Kirista na unguwar Banifandu suka ɗanɗana a ranar Asabar 17 ga Janairun 2015, sai dai su abin da ya ƙone musu shi ne ɗakin ibadarsu, wato majami'ar Katolika ta Sainte Thérèse.

Idan ba mu manta ba, rikicin ya samo asali ne daga Faransa, inda mujallar Charlie Hebdo ta sake buga zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW), mako guda bayan harin da aka kai ofishinta a Paris aka kashe mutane 12. Zanga-zanga ta fara a Damagaram ranar Juma'a 16 ga wata, washegari ta iso Yamai. Cikin kwana biyu mutane 10 suka rasa rayukansu, kuma 'yan sanda sun ce majami'u 45 aka cinna wa wuta a Yamai kaɗai, ban da otal-otal da mashaya. Gwamnati ta ayyana zaman makoki na kwana 3, Shugaba Mahamadou Issoufou kuma ya fito ya ce masu wannan aika-aika ba su fahimci Musulunci ba.

Abin takaicin shi ne waɗanda aka huce a kansu ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Kirista a Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba bisa ƙidayar 2012, kuma da yawansu mutanen da muke cuɗanya da su ne kullum: mai sayar da kayan gyaran mota, tela, malamar lakwal, mai tuyar kifi a bakin titi, da wadda muke zubin adashi tare.

Me suka yi da gari ya waye? Shugabannin Katolika sun dakatar da taron ibada na ɗan lokaci domin kare rayuka, suka kuma yi kira ga mabiyansu da su yi haƙuri, su yafe, su duƙufa da addu'a. Ba a ji labarin ramuwar gayya ba. Iyalai suka koma yin addu'a a cikin gidajensu, daga baya aka ci gaba da taruwa a harabar gine-ginen da suka ƙone, a ƙarƙashin rumfuna. Fafaroma Francis ma ya yi wa Nijar addu'ar zaman lafiya a Roma ranar 21 ga Janairu. Haka kuma bai kamata a manta da Musulmin da suka buɗe ƙofofinsu suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a wannan rana ba.

Wani zai ce, to wace riba addu'a ta kawo, tunda ba ta kashe wutar ba? A koyarwar Kirista, dogara ga Allah ba ciniki ba ne da za ka miƙa kuɗi a miƙo maka kaya nan take. Suna yawan kafa misali da Ayuba, wanda ya rasa dukiya da 'ya'ya da lafiya amma bai saki Ubangijinsa ba. Suna karanta Zabura, wadda ke cike da koke-koken bayin Allah a lokacin ƙunci. Addu'ar da suka fi maimaitawa kuwa, wadda suka ce Yesu Almasihu ne ya koya wa almajiransa, tana haɗa roƙon abincin yini da roƙon gafara, tare da sharaɗin mai roƙon shi ma ya yafe wa wanda ya cuce shi. Ke nan mai yin ta da gaske ba zai tashi daga durƙuso ya je neman fetur da ashana ba.

Wani misalin shi ne na Fada Pier Luigi Maccalli, ɗan ƙasar Italiya, wanda 'yan bindiga suka sace a Bomoanga, kusa da iyakar Burkina Faso, ranar 17 ga Satumban 2018. Sai a Oktoban 2020 aka sako shi a Mali, bayan fiye da shekara 2 a hannunsu. Ya bayyana cewa carbin da ya ƙulla da hannunsa ne ya zame masa abokin zama a cikin hamada, kuma ya yafe wa waɗanda suka tsare shi.

Mu 'yan kasuwa mun san wani nau'in gobarar da ba ta da hayaƙi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin CEDEAO ya sa aka rufe iyakoki, Nijeriya ta yanke wutar lantarki, shinkafa da mai suka yi tashin gwauron zabo, har zuwa Fabrairun 2024 da aka ɗage shi. Jari ya karye, bashi ya hau kan mata da yawa, kuma tsadar ba ta tambayi kowa addininsa ba.

Darasin Banifandu a nan shi ne, addu'a ba ta hana su tashi ba. Sun roƙi Allah, sun share toka, sun nemi taimako, sun ci gaba da sana'a da waɗanda suka saba. Hausawa na cewa Allah ya ce tashi in taimake ka. Saboda haka 'yar'uwa, in jarinki ya karye, ki kai kuka ga Mahaliccinki, sannan ki je ki sami mai binki bashi ku yi magana ta gaskiya, ki sake kasa kayanki ko da na jika ɗaya ne. In kuma wata rana aka zo ana tunzura ɗanki a kan maƙwabcin rumfarki, ki riƙe shi a gida.

Allah ya ba mu zaman lafiya da kasuwa mai albarka, amin.