Camaro da Challenger sun bar fage: ina makomar Mustang a kasuwar Legas?

Duk wanda ya tsaya a kan gadar Oshodi da hantsi ya leƙa ƙasa, abin da zai fara cika masa ido shi ne ruwan ɗorawar motocin danfo, sai dogayen bas-bas na BRT, sai kuma jif-jif masu tsawo da ke kutsawa a tsakaninsu: Highlander, Venza, Lexus RX 350. Yana iya shafe sa'a guda bai ga mota mai ƙofa biyu ba, irin gajeriyar nan mai kwance da ƙasa da ake yi wa laƙabi da motar tsere. In kuwa ya yi dace ya ga ɗaya, galibi Ford Mustang ce, ko Dodge Challenger, ko Chevrolet Camaro, tana rarrafe a cikin cunkoso da injin da aka ƙera don gudun da ya haura kilomita 200 a sa'a.

Biyu daga cikin ukun nan an riga an rufe babinsu. A watan Disambar 2023 aka daina ƙera Camaro da Challenger. Audi ta sallami TT a ƙarshen wannan shekarar, R8 ta bi bayanta a 2024, Jaguar ta ajiye F-Type, Nissan kuma ta kammala da GT-R a watan Agustan 2025. Toyota ma ta sanar da cewa Supra ta yanzu za ta tsaya a 2026. A cikin motocin Amurka masu ƙofa biyu da injin silinda takwas waɗanda mai matsakaicin hali zai iya kai hannu gare su, Mustang ce kaɗai ta rage.

Ita ma ba lafiya lau take ba. Lokacin da Ford ta fito da ita a watan Afrilun 1964, ba a cika shekara biyu ba aka sayar da miliyan ɗaya, kuma a 1966 kaɗai an ƙera fiye da 600,000. A 2024 kuwa abin da aka sayar a Amurka bai wuce kimanin 44,000 ba. Abin da ya fi yi wa masoyanta ciwo shi ne jif mai lantarki da kamfanin ya ara wa sunan, wato Mustang Mach-E, ta fi ta ciniki a wannan shekarar.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Kusan huɗu cikin kowace biyar na sababbin motocin da ake saya a Amurka yanzu jif ne ko a-kori-kura ko makamantansu. Matashin da a da zai sayi mai ƙofa biyu da albashinsa na farko, yau kuɗin inshora da na ruwan bashi sun fi ƙarfinsa, wanda ke da kuɗin kuma shekaru sun ja, gwiwarsa ba ta son durƙusawa kafin ya shiga mota. Ga dokokin rage hayaƙi, musamman a Turai. Kuɗin zana sabuwar mota ɗaya ne ko za a sayar da dubu ashirin ko miliyan, shi ya sa Toyota ta haɗa hannu da BMW wajen ƙera Supra, ta kuma haɗa da Subaru wajen GR86. Ko Porsche, wadda sunanta ya ginu a kan 911, jif-jif ɗinta Cayenne da Macan ne ke riƙe da fiye da rabin cinikinta.

Mai karatu na iya tambayar me ya haɗa wannan da Oshodi. Amsar tana kan titin da ya taso daga tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can ya ɓullo Oshodi. A gefensa kasuwar motoci ta Berger take, kusa da Mile 2, inda ake jera motocin tokumbo, waɗanda a Arewa aka fi sani da Beljiyam. Gaba kaɗan, dab da tashar da ake kira Toyota, akwai kasuwar Ladipo ta Mushin, wadda ta yi suna a duk Afirka ta Yamma wajen kayan gyaran mota. Daga Oshodi kuma hanya ta miƙe zuwa Ikeja da Agege, inda Hausawa suka kafa zango tun zamanin fataucin goro da jirgin ƙasa. A cikin jikokin waɗancan fatake da baƙin da suka biyo baya akwai 'yan canji da dillalan mota da direbobin da ke kai motar da aka saya har Kano ko Kaduna ko Sakkwato. Abincin duk waɗannan ya rataya ne a kan abin da jirgi ya sauke.

Abin da jirgi ke saukewa kuwa shi ne abin da Ba'amurke ya saya sabo shekaru biyar zuwa goma da suka wuce. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma ba a yarda a shigo da mota mai sitiyari a dama ba, don haka kasuwannin Japan da Ingila a rufe suke ga dillalin Legas. Mafi yawan Mustang da Camaro da ake gani a birnin daga gwanjon motocin da suka yi haɗari a Amurka aka sayo su, aka kawo, masu gyaran jiki suka daddaƙe, aka fesa fenti. Motar da aka daina ƙerawa a 2023 za ta ci gaba da isowa na wasu shekaru, tana raguwa sannu a hankali, har ranar da ta ƙarshe za ta haura iyakar shekarun da kwastam ta ƙayyade wa motar da za a shigo da ita. Daga nan ƙofa ta rufe.

Tun kafin a kai nan ma, al'amuran cikin gida sun riga sun yi wa kasuwar illa. An hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017, abin da ya toshe hanyar Kwatano. A 2022 kwastam ta fara ƙiyasta kuɗin fito da lambar jikin mota, dillalai suka yi ta kuka. Sai 2023: ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta tsallake 1,000 a ƙarshen 2024. A watan Yuni aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa kusan 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. Injin lita biyar a cikin cunkoson Ikorodu Road ba abokin tafiyar mai lissafi ba ne.

Sannan ga titi. Tsakanin cikin Mustang da ƙasa kimanin santimita 14 ne, na Highlander kuwa kusan 20. Bambancin kamar ba yawa, amma shi ke raba wanda zai isa gida da wanda zai kwana a garejin bakanike ranar da aka yi ruwan Yuli a Legas, ko aka haɗu da tudun rage gudu irin wanda 'yan unguwa ke ginawa da kansu. Porsche ta buɗe shagonta a Victoria Island a 2012, kuma ko a can, a unguwar masu hannu da shuni, Cayenne ce aka fi gani a kan titi.

Akwai wani abin dariya a nan. Amurkawa na kiran su Mustang da Challenger da sunan da ke nufin motoci masu ƙwanji. A Nijeriya kuwa motar da ta gaji wannan laƙabi, wadda kowane dillali daga Berger har Kano ya sani da Muscle, ita ce Toyota Camry ta 2007 zuwa 2011, mai ƙofa huɗu, mai ɗaukar maigida da uwargida da yara da buhun shinkafa. Honda Accord mai ƙofa biyu da Toyota Solara, waɗanda samari suka yi yayi, an daina ƙera su tun 2017 da 2008, kuma mai neman fitilarsu ko gilashin ƙofarsu a Ladipo ya san irin zagayen da ake sha.

Wannan zagayen ne ke jiran masu Camaro da Challenger. Kayan Ladipo yawancinsu daga motocin da aka farfasa a ƙasashen waje suke zuwa, kuma ɗan kasuwa ba ya cika kwantena da kayan motar da masu ita ba su kai a ƙirga ba. Challenger tana da ɗan sauƙi, domin injinta da kayan ƙafarta kusan ɗaya ne da na Charger da Chrysler 300. Jiki da fitilu da gilasai ne za su yi wuya. Dillalin da ke da ita a fili yau yana tsakanin shawara biyu: ya karyar ya maida kuɗinsa kan Corolla da ke fita cikin mako, ko ya riƙe da fatan ƙaranci zai ɗaga farashi. Na biyun caca ce, domin a wannan kasuwa motar da ba ta da kayan gyara ba ta cika yin daraja ba, komai kyanta.

Mustang ita ce ke da sauran numfashi. Ford ta fito da zubi na bakwai a matsayin samfurin 2024, ana ƙera ta a Flat Rock da ke jihar Michigan, kuma shugaban kamfanin, Jim Farley, ya sha nanata cewa za su ci gaba da yin injin silinda takwas muddin doka ta bari. Akwai kuma mai silinda huɗu da lita 2.3, wadda ta fi dacewa da aljihun mai sayen fetur a Legas, ko da yake masu son rurin inji ba sa ganin ta da gashi. Sai dai 44,000 ɗin nan na 2024 su ne rumbun da dillalan Berger da Agege za su ɗiba daga ciki a wajajen 2030, suna takara da masu saye daga Dubai da Gabashin Turai a gwanjo guda, da dala guda.