Jirgi Ya Makara: Aljihun Wa Ke Biyan Kuɗin Jira?

Alƙaluman da Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, wato NCAA, ta bayyana a ƙarshen 2024 sun nuna cewa a watannin Satumba da Oktoba na shekarar, kusan rabin jiragen da suka yi jigila a cikin gida ba su tashi a kan lokaci ba, ban da waɗanda aka soke ɗungurungum. Wannan fa tun kafin hazon hunturu ya kankama ke nan. Wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Abuja ko Legas ya san abin ba sai an karanta masa ba: tikiti ya ce ƙarfe goma na safe, a yi azahar a filin jirgi, a yi la'asar, can sai murya ta fito a lasifika tana ba da haƙuri "saboda wasu dalilai na aiki". Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne fasinjoji sun fara jin labarin cewa akwai doka, ita ma hukuma ta fara ɗaga murya. Amma jiran bai kau ba, kuma a ganina ba zai kau ba muddin kamfani bai ji shi a aljihunsa ba. Kowane jinkiri asara ce. A Najeriya fasinja ne ke ɗaukar ta shi kaɗai.

Dalilan jinkirin ba ɓoyayyu ba ne, kuma ba duka ne laifin kamfanoni ba. Na farko kuɗi. A watan Mayun 2022 ƙungiyar masu kamfanonin jiragen sama ta ƙasa, AON, ta yi barazanar dakatar da aiki saboda litar man jirgi ta tashi daga kimanin naira 190 zuwa 700. Bayan an saki naira a kasuwa a watan Yunin 2023, lamarin ya ƙara tsananta, domin kamfani da naira yake sayar da tikiti, amma hayar jirgi, inshora, kayan gyara da babban garambawul da akan kai jirgi waje a yi masa, duk da dala ake biya. Sai jirage suka yi ta zama a ƙasa suna jiran kayan gyara, waɗanda suka rage kuma aka ɗora musu aikin da ya fi ƙarfinsu. Jirgi ɗaya zai tashi Legas da sassafe, ya sauka Abuja, ya wuce Kano, ya dawo Abuja, ya nufi Yola. In tsuntsu ya faɗa masa a inji a zangon farko, ko aka rufe sararin Abuja na ɗan lokaci saboda wani babba zai tashi, to duk sauran zangunan ranar sun rikice, kuma babu jirgin ko-ta-kwana da zai maye gurbinsa. Ga filayen da ba a sauka a cikinsu bayan faɗuwar rana, wanda ke mayar da jinkirin awa uku ya koma sokewa. Ga hazo, da ke rufe Kano, Sakkwato da Maiduguri tsakanin Disamba da Fabrairu kowace shekara, abin da ba wanda zai ce ya zo masa ba zato.

A daidai lokacin da jirage ke raguwa, masu neman kujera ba su da wata mafita. Matsalar tsaro a manyan hanyoyi, musamman bayan harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022, ta tura mutane da dama hawa jirgin sama ba don sun fi ƙarfin mota ba. Mai sayarwa da ya san mai saye ba shi da inda za shi, ba ya rawar jiki wajen kyautata masa. Shi ya sa fasinjoji da yawa ke zargin cewa wani lokaci ba inji ba ne, ba hazo ba ne: jirgin safe ne bai cika ba aka haɗe shi da na yamma, tamkar motar haya a tasha da ba ta tashi sai ta cika. Bambancin dai shi ne direban tasha bai taɓa rubuta wa kowa lokacin tashi a takarda ba.

Doka kuwa tana nan, kuma ba laifi a rubuce. Sashe na 19 na dokokin NCAA, waɗanda aka sabunta a 2023, ya ce a jirgin cikin gida dole a faɗa wa fasinja dalilin jinkiri cikin minti 30. In jira ya kai awa biyu, a ba shi abin taɓawa da damar kiran waya. In ya wuce awa uku, yana da ikon cewa ya fasa a mayar masa da kuɗinsa. In dare ya yi, tsakanin ƙarfe goma zuwa huɗu na asuba, masauki da motar kai shi suna wuyan kamfani. Diyya kuma kashi 25 cikin ɗari ce ta kuɗin tikiti a cikin gida, kashi 30 a tafiyar waje, ga wanda aka soke wa jirgi ba tare da sanarwa a kan kari ba, ko aka hana shi shiga alhali yana da tikiti kuma ya zo da wuri. Wanda ya biya da tsabar kuɗi a mayar masa nan take, wanda ya biya ta banki cikin kwana 14.

To me ya sa dokar ba ta cizo? Sai an dubi inda take cizon kafin a gane. Tarayyar Turai ta kafa dokarta mai lamba 261 a 2004, ta fara aiki a Fabrairun 2005. Ba ta ɗaura diyya a kan kuɗin tikiti ba, ta yanke adadi ne: Yuro 250, 400 ko 600, gwargwadon nisan tafiya. Kotun Tarayyar ta ƙara mata haƙora. A 2008 ta yanke cewa lalacewar inji ta yau da kullum ba uzuri ba ne, tunda gyaran jirgi aikin kamfani ne. A 2009 ta ce wanda ya isa inda za shi a makare da awa uku ko fiye, daidai yake da wanda aka soke wa jirgi. Daga nan har kamfanoni irin su AirHelp suka ɓullo, sana'arsu kawai su karɓo wa fasinja diyyarsa su cire kasonsu. Sakamakon shi ne manajan da ke tsara jadawali a Turai ya san cewa jirgi mai ɗauke da mutum 200 in ya makara da laifinsu, asarar na iya haura Yuro dubu ɗari. Don haka ajiye jirgin ko-ta-kwana ya fi masa arha. Kamfanonin can sun daɗe suna kuka da dokar, har ministocin sufuri na Tarayyar suka amince a 2025 da shawarar ɗaga awannin, Majalisar Turai ta ƙi. Wannan ja-in-ja ita kanta shaida ce cewa kuɗin na fita da gaske.

Abin da 'yan Najeriya da yawa ba su sani ba shi ne wannan doka tana shafar su. Duk jirgin da ya taso daga ƙasashen Tarayyar Turai, ko na wane kamfani ne, yana ƙarƙashinta. Haka jirgin kamfanin ƙasashen Tarayyar da ya tashi daga Legas ko Abuja zuwa can. Birtaniya ta riƙe irin dokar bayan ficewarta daga Tarayyar, inda diyyar doguwar tafiya ta kai fam 520. Wato ɗalibin da ya taso daga Landan a jirgin Air Peace yana da haƙƙin da ba shi da shi a ranar da ya tashi daga Legas a jirgi ɗaya, a kujera ɗaya. Saudiyya ma ta fara aiki da sababbin ƙa'idoji a Nuwambar 2023, da suka haɗa har da jiragen Hajji da Umra, kuma suna aiki a kan jiragen da ke tashi daga filayenta. Alhazanmu da ke kwana a ƙasa a Jidda suna jiran jirgin dawowa, kaɗan ne cikinsu aka taɓa gaya wa haka.

A nan gida, a ce tikiti naira dubu 120 ne, diyyar dubu 30 ce. Wa zai bar kasuwarsa ya yi ta zarya a kan wannan? Shari'ar jiragen sama kuma tsarin mulki ya keɓe ta ga Babbar Kotun Tarayya, ba ƙaramar kotun unguwa ba, sai da lauya da dogon numfashi. Akwai ɗalibar da kamfanin Emirates ya hana shiga jirgi a Disambar 2007 duk da tana da tikiti. Sai a 2019 Kotun Ƙoli ta tabbatar mata da haƙƙinta. Ta yi nasara, amma darasin da kowa ya ɗauka shi ne a shirya wa shekara goma sha ɗaya. A Arewa akwai ƙarin cikas: mutane da yawa ta hannun ejan suke yankar tikiti, lambar wayar ejan da imel ɗinsa ne a rajista, saƙon sauya lokaci shi yake zuwa wa, kuɗin da aka mayar ma asusunsa yake faɗawa. Sanarwar filin jirgi da takardun koke kuma galibi da Turanci suke. Sannan ga tarbiyyarmu ta cewa jinkiri wata rahama ce, wataƙila wani abu aka kare mu daga gare shi. Na yarda da ƙaddara, amma yarda da ita ba ta hana mutum karɓar abin da doka ta ce nasa ne, kuma kamfani ba shi da hurumin fakewa da imanin fasinja.

Haƙƙin da ba shi da ƙofar fita, ta taga yake fita, kuma kan wanda ba shi da laifi yake sauka. Na ga wani dattijo a gaban kanta, da fayil ɗin asibiti a hannu, yana cewa, "'Yata, likita gobe da safe ya ba ni, ki gaya mini gaskiya, jirgin nan zai zo?" Yarinyar ta duƙar da kai ta ce, "Baba, ku yi haƙuri, wallahi mu ma ba a faɗa mana komai ba." Shi ya koma ya zauna. Waɗanda ke bayansa ba su zauna ba: aka yi ta buga kanta, ana ɗaukar ta a waya, alhali wanda ya tsara jadawalin yana ofis a wani gari. Faɗa a filayen jirgi ya zama ruwan dare, har wasu kan tare hanyar shiga wani jirgin su ce ba mai tashi sai an sallame su, wanda ke jawo sabon jinkiri ga wasu bayin Allah. Taƙaddamar Sanata Adams Oshiomhole da Air Peace a Legas a watan Yunin 2025, inda shi ya yi zargin ana sayar da kujerun masu tikiti ga wasu a kan farashi mai tsada, kamfanin kuma ya ce shi ne ya makara, ta ja hankali ne don sanata ne. Irin wannan gardama kullum ana yin ta da mutanen da ba wanda ya san su.

Hukuma ta motsa, wannan gaskiya ne. NCAA ta buɗe shafin karɓar koke a intanet a 2024, kuma a Disambar shekarar ta sanar da ɗaukar mataki a kan kamfanoni biyar, na gida da na waje, galibi kan ƙin mayar da kuɗi a kan lokaci. Sai dai tara asusun gwamnati take shiga, kuma in ba ta kai ribar da ake samu daga haɗe jirage ba, kamfani zai biya ya ci gaba.

Kamfanonin suna da hujja ɗaya mai ƙarfi da bai kamata a yi watsi da ita ba. Sun ce in aka kwafo dokar Turai aka ɗora wa kamfanin da ke karɓar bashin banki da ruwa mai tsanani, a ƙasar da kamfanonin jirage da dama suka riga suka durƙushe, to wasu za su bi su, tikiti ya ƙara tsada. Kuma don me za su biya diyyar jinkirin da fitilun titin jirgi, ko na'urar sauka cikin hazo, ko tafiyar manya suka jawo? Amsar ba ita ce a bar fasinja da asarar ba. Kowane jinkiri a rubuta sababinsa a bayyana wa jama'a. In daga hukumar filayen jirage ta FAAN ne ko ta kula da sararin sama ta NAMA, kamfani ya sallami fasinja ya cire daga harajin da yake biyan su. In daga kamfani ne, diyyar ta faɗa asusun fasinja kai tsaye ba sai ya rubuta koke ba, tunda sunansa da awannin da ya jira duk suna cikin kwamfuta. Amurka ta wajabta mayar da kuɗin tikiti ta wannan hanya tun 2024. A kuma tilasta wa ejan sanya lambar mai tafiya a rajista, a riƙa karanta haƙƙoƙin nan da Hausa a lasifikar filayen Kano, Kaduna, Sakkwato da Katsina da zarar jira ya cika awa biyu.