Ina ake samun likitan karnuka da kyanwowi?

Kowace shekara idan ma'aikatan kiwo suka fito allurar rigakafi, muna kora shanu da tumaki da awaki zuwa wurin da aka tsayar. Mun san amfanin wannan allura, domin bisashe su ne dukiyarmu. Amma akwai dabbobi biyu da muke bari a gida: kare da kyanwa, wadda wasunmu ke kira mussa ko mage. Kare yana tsaron garke da gona da gida, yana raka mafarauta daji, kuma malamanmu sun halatta a riƙe shi domin waɗannan ayyuka. Kyanwa tana tsare rumbu daga ɓarnar kusa. Duk da haka, da yawa daga cikinmu ba su san inda ake duba lafiyarsu ba.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya bari sai karensa ya ciji ɗan maƙwabci sannan ya fara tambayar inda likitan dabbobi yake, ya makara. Saboda haka a wannan fitowa za mu yi bayani a kan inda ake samun likitan, da abin da za mu tambaye shi, da abin da ya kamata mu yi in kare ya ciji mutum.

Dalilin da ya sa ya kamata mu nemi likitan

Babban dalili shi ne ciwon haukan kare. Ƙwayar wannan cuta tana cikin miyan bakin dabbar da ta kamu. Tana shiga jikin mutum ta hanyar cizo, ko yakushi, ko in dabbar ta lashi wurin da ke da rauni. Daga nan sai ta bi jijiyoyi a hankali har ta kai ga ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata 2 zuwa 3 kafin ta bayyana, amma tana iya fitowa cikin mako 1, tana kuma iya kaiwa shekara 1. In cizon yana kusa da kai, kamar fuska ko wuya, ta fi saurin isa. Da zarar alamomi sun bayyana, kamar tsoron shan ruwa da firgita, to babu sauran magani, kusan duk wanda ya kai wannan hali mutuwa yake yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum wajen 59.000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya. A cikin mutum 100 da suka kamu, har 99 daga kare suka samo shi. A cikin mutum 10 kuma, wajen 4 yara ne da ba su kai shekara 15 ba, domin yara ne ke wasa da ƴan kwikwiyo, kuma sukan ɓoye cizo don tsoron faɗa. Kyanwa ma tana kamuwa tana bai wa mutane. Saniya da jaki da raƙumi da tunkiya, duk suna mutuwa da shi in mahaukacin kare ya cije su. Ke nan allurar da aka yi wa kare ɗaya tana kare yaran gida da bisashen gida baki ɗaya.

Inda ake samun likitan

Na farko, ma'aikatar kiwo ta gwamnati. Tana da ofisoshi a manyan garuruwan jahohi, kamar Maraɗi da Damagaram da Tawa da Doso da Yamai, tana da su a gundumomi, tana kuma da wakilai a ƙananan hukumomi. Wanda bai san wurin ba, ya tambaya a ofishin magajin gari ko wurin mai gari.

Na biyu, likitocin dabbobi masu zaman kansu da ke aiki a karkara. An fara wannan tsari a gundumar Dakwaro a shekarar 2003, daga baya ya bazu zuwa wasu gundumomi. Likitan yana zaune a babban gari, yana da mataimaka a ƙauyuka, ƴan asalin wurin, waɗanda aka koya wa ƙananan ayyukan kula da bisashe. Ko mataimakin ba ya riƙe da allurar haukan kare, ya san likitan, yana da lambar wayarsa.

Na uku, a manyan birane, musamman Yamai, akwai ɗakunan duba dabbobi da kantunan maganin dabbobi masu izinin hukuma.

Na huɗu, ranar kasuwa. Ma'aikacin kiwo da ke duba nama a mahauta, ko bisashe a kasuwar dabbobi, zai iya gaya mana ranar da wurin da ake yi wa karnuka allura.

Idan mun samu wurin, mu rubuta sunan likitan da lambar wayarsa a bayan littafinmu na karatu. Wannan yana cikin amfanin iya rubutu da muka koya.

Yadda za mu gane wurin kirki

Likitan dabbobi na gaskiya ya yi karatu mai zurfi. Da yawa daga cikin namu sun fito daga babbar makarantar likitocin dabbobi ta Dakar, a ƙasar Sanagal, wadda aka kafa a shekarar 1968. Mai tallan magani da ke shanya kwalabe a rana a bakin kasuwa ba likita ba ne. Allurar rigakafi tana son sanyi, tsakanin digiri 2 da 8. In ta daɗe a cikin zafi, ƙarfinta yana raguwa, sai mai kare ya biya kuɗi ya koma gida yana zaton karensa ya tsira, alhali bai tsira ba. Saboda haka mu lura da waɗannan abubuwa:

1. A fito da allurar daga firigo, ko daga akwatin ƙanƙara in a ƙauye ake yi.
2. Mu karanta ranar ƙarewar aikinta a jikin kwalba.
3. A yi wa kowace dabba da sabon tsinken allura.
4. A ba mu takardar shaida, wato karne, mai ɗauke da ranar allura, da sunan maganin, da hatimin likita, da ranar dawowa.
5. Mu tambayi kuɗin tun kafin a fara.

Ana yi wa ɗan kwikwiyo da ɗan kyanwa allurar farko suna da wata 3. A sake bayan shekara 1, daga nan a bi ranakun da likita ya rubuta. Mu adana karne tare da takardun haihuwar yara. Ranar da kare ya ciji wani, wannan takarda ce za a fara tambaya.

Mu tafi da sanyin safiya. A sa wa kare igiya, babba ya riƙe shi, wanda karen ya saba da shi. Kyanwa a sa ta cikin kwando mai murfi ko kwali mai hujoji, don ba ta yarda da igiya. Idan gari yana da nisa, masu karnuka su haɗa kai su kira likita ya zo, su raba kuɗin man babur a tsakaninsu.

Karen da ba a ɗauka a kai wa likita

Haukan kare iri biyu ne. A na farko, halin kare yana canzawa. Ya riƙa yawo ba dalili, yana cizon itace da duwatsu da duk abin da ya tarar, muryarsa ta sake, miyau na zuba. A na biyu, kare yana yin shiru, ya nemi wuri mai duhu ya kwanta, haɓarsa ta saki, ƙafafunsa su mutu. Wannan na biyu shi ya fi yaudarar mutane. Sai a ce ƙashi ne ya maƙale masa a wuya, wani ya sa hannu a bakinsa don ya ciro. Kada a yi haka ko kaɗan. In mun ga waɗannan alamomi, mu janye yara da bisashe, mu rufe karen a inda yake in za a iya yi ba tare da an taɓa shi ba, mu kira likita ya zo da kansa.

Idan kare ko kyanwa ta ciji mutum

1. A wanke wurin nan take da ruwa mai yawa da sabulu, har tsawon minti 15. A duba agogo, domin minti 15 yana da tsawo. Wannan wanki yana fitar da ƙwayoyin cuta masu yawa.
2. In akwai maganin rauni na aidin, a shafa. Kada a sa barkono ko toka ko ƙasa ko gashin karen, kada kuma a ɗaure wurin tamau.
3. A kai mutumin likita a ranar. Ba kowace ƙaramar likita ke da allurar ba, amma malamin asibiti zai nuna inda take. Allurar ba sau ɗaya ake yi ba. Akan yi ranar farko, a koma bayan kwana 3, a koma bayan kwana 7, wani lokaci da ƙari. A cika dukan ranakun, ko da rauni ya warke. Mace mai ciki da jinjiri ma ana yi musu.
4. A sanar da likitan dabbobi. Zai sa a tsare karen, ana ba shi abinci da ruwa, aƙalla kwana 10, sau da yawa har kwana 15. In lokacin ya cika yana lafiya lau, to ba ya ɗauke da cutar a miyansa ranar da ya yi cizon. Amma kada a jira ƙarshen tsaron kafin a kai mutum likita.
5. In karen ya mutu, ko an kashe shi don yana afka wa mutane, kada a fasa kansa, kada a jefar da gawar a juji, kada a taɓa ta da hannu tsirara. Ma'aikatan kiwo ne ke ɗaukar kan su aika babban ɗakin binciken cututtukan dabbobi na Yamai, wanda ake kira LABOCEL, don a tabbatar.

Mu koya wa yara cewa in kare ya cije su ko kyanwa ta yakushe su, su faɗa nan da nan, ba wanda zai doke su.

Sauran ayyukan likitan

Likitan yana ba da maganin tsutsar ciki, wanda ya kamata a bai wa kare kamar kowane wata 3. Wannan ya shafi masu kiwo ƙwarai. In aka yanka tunkiya aka ga ƙululun ruwa a hanta ko huhu, aka jefa wa kare, tsutsa tana girma a cikinsa. Ƙwanta yana fita da kashinsa, ya bazu a ciyawa da bakin rijiya, ya koma cikin bisashe da mutane. Irin wannan hanya ce kuma ke kawo ciwon da ke sa tunkiya ta riƙa kewaya wuri ɗaya, in kare ya ci kan tunkiyar da ta mutu da shi. Irin wannan nama a binne shi da zurfi ko a ƙone shi.

Yana kuma da maganin kaska da ƙuma da ƙazwa. Kada mu auna magani da ka. Maganin kaska na shanu yana iya kashe kyanwa. Farasitamol da muke sha don ciwon kai guba ne gare ta, ko ƙwaya ɗaya tana iya halaka ta. Wanda ƴan kwikwiyo suka yi wa yawa, ya tambayi likita game da fiɗiya da aikin hana haihuwa, maimakon ya zubar da su a bayan gari su zama karnukan da ba su da mai su.

Aikin gari ne baki ɗaya

Masana sun nuna cewa in aka yi wa karnuka 7 cikin 10 allura a wuri ɗaya, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. An gwada haka a Njamena, babban birnin Cadi, a shekarun 2012 da 2013. An yi wa fiye da karnuka 7 cikin 10 allura, ciwon ya yanke na wani lokaci. Daga baya ya dawo ta hanyar karnukan da aka shigo da su daga wajen birni. Darasin da ke ciki shi ne, allurar tana aiki, amma sai an ɗore da ita, kuma sai maƙwabta sun yi tare.

Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya. A irin wannan rana ce, a 1895, Luwi Pastor ya rasu, masanin ƙasar Faransa wanda a 1885 ya fara yi wa wani yaro ɗan shekara 9 wannan allura bayan kare ya cije shi, yaron kuma ya rayu. A 2015 hukumomin lafiya na duniya suka ɗauki alkawarin kawo ƙarshen mutuwar mutane da wannan ciwo zuwa shekarar 2030.

Muna kira ga kowane ajin yaƙi da jahilci ya ƙidaya karnuka da kyanwowin garinsu, ya rubuta sunan mai kowace dabba, da ko an yi mata allura ko ba a yi ba. A kai takardar wurin mai gari, a tsayar da rana tare da likitan dabbobi. Wanda ya karanta wannan shafi, ya karanta wa waɗanda ba su iya ba, musamman makiyaya da mafarauta da iyaye mata. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, mu da iyalanmu da dabbobinmu.