ZARTON BEL: MACIJIN DA KE SARA BAYAN AN KASHE INJI

Kwanakin baya, bayan sallar La'asar, wani maƙwabcina a unguwar Ganou ya shigo zaurena riƙe da hannun ɗansa, yaro ɗan shekara goma sha biyar, an ɗaure masa kumatu da bandeji. Wata huɗu ke nan da aka kai yaron koyon aiki a wani wurin yankan katako a nan Parakou, wanda ba zan ambaci sunansa ba. Da na ga raunin sai na ɗauka inji ne ya kama shi. Uban ya ce a'a, inji a kashe yake, babu ma wuta a lokacin. An aiki yaron ya karɓo zarto daga wajen mai wasawa, ya dawo ya kwance igiyar da aka ɗaure shi da ita, sai zarton ya warware ya tsage masa fuska. Tsakanin raunin da idonsa bai kai faɗin yatsa biyu ba.

Wannan ne ya sa na ga ya kamata mu tattauna wannan al'amari a wannan shafi namu, domin 'ya'yanmu da yawa suna cikin wannan sana'a, daga Parakou har Djougou, wadda kakanninmu fataken goro ke kira Zugu. Kowa yana tsoron inji sa'ad da yake ruri, kuma maigida ba ya barin sabon yaro ya matsa kusa da shi. Amma da zarar an cire zarto, sai a miƙa wa ƙaramin yaron da ke wurin a ce ya naɗe, alhali kuwa babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa yadda ake yi.

MENE NE WANNAN ZARTO?

Zarton da muke magana a kai shi ne wanda ma'aikata ke kira lam, daga Faransanci. Dogon ƙarfe ne siriri mai haƙora a gefe ɗaya, an haɗa bakinsa biyu da walda ya zama zobe, yana zagayawa a kan ƙafafu biyu kamar bel ɗin injin niƙa. Wani Bature ɗan Ingila mai suna William Newberry ne ya fara rajistar dabarar a shekarar 1809, amma ta daɗe ba ta yi amfani ba domin mahaɗar tana yawan tsinkewa. Sai a 1846 wata mata 'yar Faransa, Anne Paulin Crépin, ta gano hanyar haɗa ƙarfen yadda zai jure. Ƙananan injuna masu tafiya a kan dogo, waɗanda ake iya kai wa har bakin daji, sun bazu ne bayan da kamfanin Wood-Mizer na Amurka ya soma ƙera su a 1982.

Zarton irin waɗannan ƙananan injuna yakan kai tsawon mita 4, faɗinsa milimita 32, kaurinsa bai wuce milimita 1 da ɗoriya ba. Tsakanin haƙori da haƙori milimita 22 ne, wato haƙoransa sun kai 180. In aka buɗe shi, faɗin zoben ya fi mita 1 da santimita 25, ba ya ɗaukuwa a babur, ba ya ajiyuwa a shago. Shi ya sa ake naɗe shi ninki uku, ya dawo kamar santimita 42, misalin faɗin faranti babba.

To, a nan haɗarin yake. Ƙarfen zarto irin na sifirin ne, ko yaya aka lanƙwasa shi yana neman komawa yadda yake. Duk ƙarfin da mutum ya sa wajen naɗe shi yana nan a ajiye cikin ninkin, yana jiran a sake shi. In aka sake shi ba bisa ƙa'ida ba, cikin ƙiftawar ido zai buɗe, haƙora 180 su yi bulala a daidai tsayin fuskar mai riƙe da shi.

Me ya sa ninki uku, ba biyu ba? Ku gwada da bel ɗin wando da aka ɗaure bakinsa. In kuka ninka shi biyu za ku ga ya murɗe, ya ƙi kwanciya. In kuka yi uku sai ya kwanta lafiya lau, domin murɗawar wannan ninki tana warware ta wancan. Yaron da ya tilasta wa zarto ninki biyu yana kokawa da ƙarfe ne, kuma ƙarfen ne zai yi nasara.

ME YA SA ABIN YA FI SHAFAR MU?

Itatuwan da ake yankawa a ƙasarmu masu tauri ne. Akwai maɗaci da kawo, akwai madobiya wadda aka yi ta sarewa ana kai wa ƙasar Sin har aka sanya ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido a shekarar 2016. Sai kuma tek, wanda aka daɗe ana dasawa a Benin tun zamanin mulkin mallaka. Itacen tek yana da wani sinadari irin na yashi a jikinsa wanda ke dakushe haƙoran zarto da wuri. Ga kuma ƙasa da tsakuwa da ke manne wa ɓawon gungume sa'ad da aka ja shi a daji. Masu ƙera zarto sukan ba da shawarar a canza shi bayan kamar awa biyu na yanka. Ke nan a wuni ɗaya ana iya cirewa, a naɗe, a kwance wani, sau uku ko huɗu. Abin da ake yi kullum shi ne ake rainawa, sabo kuwa shi ke kawo sakaci.

KAFIN A TAƁA SHI

Safar hannu ta fata mai kauri ita ce farko, ba ta ulu ko ta roba ba, domin haƙori yana ratsa waɗannan. Sai tabarau na kare ido, da riga mai dogon hannu wadda ba ta da yalwa, da takalmi rufaffe. Babbar riga da silifa ba kayan wannan aiki ba ne. A kori kowa ya ja da baya kamar taku huɗu, musamman yara masu talla da matan da ke zuwa kwasar garin katako. Sa'an nan a duba zarton da kyau a cikin haske, a bi gindin haƙora ɗaya bayan ɗaya da kuma wurin walda. In an ga tsaga, a ware shi gefe, domin zarto mai tsaga yana iya karyewa a hannu lokacin naɗewa.

YADDA AKE NAƊEWA

Mutum zai tsaya ya riƙe zarton a gabansa da hannu biyu, haƙora suna kallon gaba, nesa da jikinsa. Ƙasan zoben ya dafa a kan guntun katako, kada ya taɓa siminti ko tsakuwa. Hannuwa su yi nisa da juna fiye da faɗin kafaɗa kaɗan, manyan yatsu suna dafe da bayan ƙarfen. Sai ya murɗa wuyan hannuwansa biyu a tare, a hankali, har saman zoben ya sunkuya gaba ya nufi ƙasa. A daidai nan zobe biyu za su fito, ɗaya a kowane hannu. Sai ya gicciye hannuwan, ya haɗa zoben biyu a hannu ɗaya, na ukun zai kwanta da kansa a ƙarƙashinsu. In zarton ya yi gardama, a koma farko. Ba a yi masa dole.

Kafin a saki hannu, a ɗaure shi da waya ko igiya mai ƙarfi a wuri uku. Ɗauri ɗaya ba ya isa, domin in ya zame shi ke nan.

YADDA AKE KWANCEWA

Nan ne aka fi jin ciwo. A riƙe ninkin uku gam da hannu ɗaya, haƙora suna kallon gaba, hannu a miƙe nesa da fuska, sa'an nan a kwance ɗaurin da ɗaya hannun. A duba za a ga zobe ɗaya wanda ba ya ƙarƙashin sauran, a bar shi ya sauka ƙasa a hankali. Biyun da suka rage za su gicciye. A kama ɗaya da dama, ɗaya da hagu, a buɗe hannuwa sannu sannu, zarton zai buɗe ya nufi gaba. Kada a sunkuyar da kai a kansa don a ga abin da ke faruwa.

Wasu sukan jefar da zarton can nesa su bar shi ya buɗe da kansa. Mai jefawa yakan tsira, amma wuraren aikinmu a cikin unguwa suke, mutane na wucewa, awaki na yawo, kuma ƙasarmu ta marmara tana karya haƙoran da aka biya kuɗi aka wasa. Bayan an buɗe, a duba inda haƙoran suka fuskanta. In sun juya baya, sai an birkice zoben ciki ya koma waje, wannan ma da safar hannu ake yi.

Wannan bayani duk na ƙaramin zarto ne. Manyan zartuna masu faɗin tafin hannu, na manyan injuna, aikin mutum biyu ne ƙwararru, ba a ba yaro shi kaɗai.

A KAN HANYA

Sau da yawa mukan ga yaro a bayan ɗan zem ya rataya zarto a kafaɗa, wani ma a wuya. Jama'a, in babur ya faɗa rami fa? A sa zarto cikin kwalinsa ko cikin buhu mai kauri, ko a tsaga tsohon tiyo a rufe haƙoran, a ɗaure shi a bayan babur. A shago kuma a rataye shi ƙasa da tsayin fuska, inda ba hanya ba.

IN TSAUTSAYI YA AUKU

A danne raunin da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama, a nufi asibiti. Kada a zuba garin katako ko baƙin mai ko man birki ko ƙasa, kamar yadda wasu ke yi, domin waɗannan su ke sa rauni ya ruɓe. A tambayi likita allurar tetanus. In ido ne ya samu rauni, kada a murza, kada a yi ƙoƙarin cire komai, a rufe shi a tafi nan take. A Parakou akwai babban asibitin Borgou, a Djougou ma akwai asibiti, kada a tsaya jiran gobe.

KIRA GA IYAYEN GIDA DA IYAYEN YARA

Yaron da aka kawo maka koyon aiki amana ce. Bayani a takarda ba ya koya wa hannu aiki, sai an nuna. Maigida ya ɗauki tsohon zarto da ya mutu, ya goge haƙoransa da dutsen wasa, ya sa yaro ya naɗe ya kwance a gabansa har hannunsa ya faɗa, kafin ya taɓa mai kaifi. Wannan ba zai ci rabin wuni ba. Kuɗin safar hannu da tabarau kuwa bai kai na ɗinki da magani ba, balle ido, wanda ba a sayar da shi a kasuwar Arzeke.

Ku kuma iyaye, ranar da za ku kai yaro, ku tambayi maigidan ko akwai safar hannu a wurin. In babu, ku saya masa ya tafi da ita. Maƙwabcina ya yi haka bayan an warware ɗinkin, ya raka yaron da kansa, kuma maigidan ya karɓi maganar da hannu biyu. Yanzu yaron ne ke nuna wa sababbin zuwa, tabon da ke kumatunsa kuwa ya isa shaida.

Allah ya tsare mu, ya tsare 'ya'yanmu, ya sa albarka a sana'a. Amin.